Waɗanda Aka Zalunta Suka Sami Iko: Tarihin Mormon Na Farko



Da aka sanar da kan maganarmu ta yau, mun ji wasu suna tambaya, me ya haɗa mu da wata ɗariƙa ta Turawan Amurka da ta ɓullo kusan shekara 200 da suka wuce? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce dalilin tsayuwarmu a nan. A cikin shekara 30 kacal, watau daga 1830 zuwa 1860, jama'ar Mormon ta ɗanɗani kora da kisa a hannun maƙwabtanta, kana ta ɗanɗani mulki da sarauta a hannunta. Da wuya a sami tarihin da ya tara waɗannan abubuwa biyu cikin ɗan lokaci haka, a rubuce, da sunayen jami'an da suka sa hannu a kowace takarda. Yawancinku gobe ku ne za ku riƙe alƙalamin hukuma. Saboda haka nufinmu shi ne mu duba yadda iko ya yi da mutane a wannan tarihi. Hukunci a kan gaskiyar aƙidarsu ko rashinta kuwa, wannan mun bar wa kowa da imaninsa.

An haifi Joseph Smith ranar 23 ga Disamba 1805 a garin Sharon ta jihar Vermont. Iyayensa talakawa ne manoma, fatara ta kore su zuwa Palmyra a yammacin jihar New York tun yana yaro. A zamanin nan wannan yanki ya cika da masu wa'azi na ɗariƙun Kirista iri iri, kowa yana kiran mutane zuwa ga tasa majami'a. Bisa ga faɗarsa, a shekarar 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga kurmi ya roƙi Allah ya nuna masa ɗariƙar gaskiya, sai aka yi masa wahayi cewa kada ya shiga ko ɗaya. Ya ce a 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu alluna na zinariya binne a wani tudu, kuma a 1827 aka ba shi izinin ɗaukarsu. Ya riƙa shibta fassararsu, wani malamin makaranta, Oliver Cowdery, yana rubuta mafi yawanta. A watan Maris na 1830 aka buga littafin a Palmyra, kwafi 5,000, bayan wani manomi, Martin Harris, ya jinginar da gonarsa a kan dala 3,000 don biyan maɗaba'a. Wannan shi ne Littafin Mormon, kuma daga gare shi mutane suka laƙaba wa mabiyansa wannan suna.

Littafin yana ba da labarin wani iyali da ya bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, ya ƙetare teku zuwa nahiyar Amurka, zuriyarsa ta rabu gida biyu masu gaba da juna, kana Yesu ya ziyarce su bayan tashinsa. Masu binciken kayan tarihi da ba 'yan ɗariƙar ba ba su yarda cewa an sami shaidar waɗannan al'ummu a ƙasa ba. Mabiya kuwa sun dogara ga shaidar mutum 11 da suka sa hannu cewa sun ga allunan. Uku na farko daga cikinsu, Cowdery da Harris da David Whitmer, duk sun ɓata da Smith daga baya sun fita, biyu suka komo, amma babu wanda ya janye shaidarsa. An kafa ikkilisiyar ranar 6 ga Afrilu 1830, kuma a 1838 ta ɗauki sunan Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Ƙarshen Zamani. Tun 2018 shugabanninta suke roƙon a kira su da wannan cikakken suna. Mun yi amfani da kalmar Mormon ne domin da ita tarihin wancan zamani ya san su.

To, me Smith ya koyar? Ginshiƙin koyarwarsa shi ne cewa ikkilisiyar gaskiya ta ɓace daga duniya bayan mutuwar manzannin Yesu, kuma an maido da ita ta hannunsa. Ya ce ƙofar wahayi ba ta rufe ba, Allah yana magana da shugaban ikkilisiya a kan al'amuran yau da kullum, har da inda za a zauna da yadda za a kashe kuɗi. Ya umarci mabiya su taru wuri ɗaya su gina birnin da ya kira Sihiyona. A 1831 ya kawo dokar da ta ce kowa ya miƙa dukiyarsa ga ikkilisiya a mayar masa da gwargwadon bukatarsa, da abin ya gagara sai aka koma ga ba da ushiri a 1838. A 1833 ya yi gargaɗi a kan giya da taba da abin sha mai zafi, wanda aka fassara da shayi da kofi. Daga baya ya zo da koyarwar da ta fi nisanta shi da sauran Kirista: cewa mai rai yana iya karɓar baftisma a madadin mamaci, cewa aure yana iya ɗorewa har bayan mutuwa, cewa Uba da Ɗa zatinsu daban daban ne, kuma ɗan Adam yana iya ɗaukaka har ya kai matsayin allantaka. Wannan na ƙarshe ya bayyana shi a fili cikin wata huɗuba ta ranar 7 ga Afrilu 1844.

Mu lura da abu guda tun yanzu. Jama'ar da ta yarda shugabanta yana karɓar umarni daga sama a kan kasuwa da gona da zaɓe, jama'a ce mai haɗin kai ƙwarai, mai iya gina gari cikin shekara kaɗan. Wannan haɗin kan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma abin da ya tsorata maƙwabta duk inda ta sauka.

A 1831 suka koma Kirtland a jihar Ohio, inda suka gina haikalinsu na farko, aka buɗe shi a 1836. A 1837 shugabannin suka kafa wani banki ba tare da izinin majalisar jiha ba, bankin ya karye, mabiya da yawa suka yi hasarar dukiyarsu, wasu manya suka yi wa Smith tawaye, har ya bar garin cikin dare a Janairun 1838. Tun kafin wannan, wani rukuni ya riga ya sauka a gundumar Jackson ta jihar Missouri, inda Smith ya ce nan za a gina Sihiyona. Mazaunan wurin masu mallakar bayi ne, baƙin kuwa yawancinsu daga jihohin arewa suke, suna zaɓe baki ɗaya, suna kuma faɗa a fili cewa Allah ya ba su ƙasar. A Yulin 1833, bayan jaridar Mormon ta buga wata maƙala a kan baƙaƙen fata 'yantattu, 'yan gari suka fasa maɗaba'ar suka watsar da kayanta a titi. Kafin ƙarshen shekarar an kore su daga gundumar ƙarfi da yaji. Muna roƙonku ku riƙe labarin wannan maɗaba'a a zuci, za mu komo kansa.

Rikicin ya kai ƙarshen muni a 1838. An yi faɗa ranar zaɓe a Gallatin sa'ad da aka nemi hana Mormon jefa ƙuri'a. Su ma ba su zauna hannu rabbana ba. Wasunsu sun kafa ƙungiyar asiri mai ɗauke da makamai, sun ƙona gidaje da kantunan abokan gaba, kuma Sidney Rigdon, mataimakin Smith, ya yi jawabi mai zafi yana barazanar yaƙin ƙare dangi in aka sake taɓa su. Ranar 27 ga Oktoba 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya sa hannu a kan umarnin cewa a ɗauki Mormon abokan gaba, a hallaka su ko a kore su daga jihar. Kwana uku bayan haka mahara suka afka wa wani ƙauye da ake kira Haun's Mill suka kashe mutum 17, har da yara. Dubban mutane suka fita daga jihar cikin tsananin sanyi, sun bar gonaki da gidaje. Ba a soke wannan umarni a hukumance ba sai 1976, bayan shekara 138.

A nan ne muka haɗu da mutumin da muke so kowane ma'aikaci a ɗakin nan ya san sunansa. Da aka kama Smith da abokansa a Far West, babban kwamanda, Janar Samuel Lucas, ya yi musu shari'ar soja cikin dare, ya umarci Janar Alexander Doniphan ya harbe su da safe a dandalin gari. Doniphan ba ɗan Mormon ba ne, lauya ne kuma hafsan sojan jiha. Ya ƙi bin umarnin, ya aika wa shugabansa cewa wannan kisan gilla ne, kuma in aka aikata zai tuhume shi a gaban shari'a. Aka fasa kisan. Gwamna ya yi amfani da alƙalaminsa ya halatta jinin talakawansa, hafsa guda kuma ya sa aikinsa cikin haɗari ya tsare ran fursuna. Su biyun ma'aikatan jiha ɗaya ne, a mako ɗaya.

Smith ya kwashe watannin sanyi na 1838 zuwa 1839 a kurkukun garin Liberty. Daga can ya rubuta wa mabiyansa wasiƙa wadda wani sashenta ya shiga littattafansu masu tsarki. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, ɗabi'ar yawancin mutane ce da zarar sun sami ɗan iko su soma danne na ƙasa da su, kuma shugabancin addini ba ya tsayuwa sai da lallashi da haƙuri da tawali'u. Magana ce ta wanda ya ji zafin zalunci a jikinsa. Da ya kuɓuta, ya tafi Washington a ƙarshen 1839 ya kai kuka ga shugaban ƙasa Martin Van Buren. Shugaban ya nuna masa cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin shiga al'amarin jiha, ya sallame shi hannu wofi. Darasin da Mormon suka ɗauka daga Missouri da Washington shi ne, babu mai tsare su sai su kansu.

Da wannan darasi suka gina Nauvoo a bakin kogin Mississippi, cikin jihar Illinois. Fadama ce mai sauro da zazzaɓi, suka janye ruwanta suka mai da ita birni. Masu wa'azinsu da suka tafi Ingila tun 1837 suka riƙa aiko da dubban sababbin mabiya, yawancinsu ma'aikatan masaƙu da talakawa, har a 1844 birnin ya kai wajen mutum 12,000, yana gogayya da Chicago ta wancan lokaci. A Disambar 1840 majalisar jiha ta ba su takardar izini mai faɗi: majalisar gari, kotun gari, da rundunar soja tasu. Daga 1842 Smith shi ne annabin ikkilisiya, shi ne magajin gari, shi ne babban alƙalin kotun gari, shi ne kuma kwamandan rundunar da muƙamin laftanar janar. A farkon 1844 ya tsaya takarar shugabancin Amurka, inda ya kawo shawarar a 'yanta bayi kafin 1850 ta hanyar biyan iyayengijinsu da kuɗin sayar da filayen gwamnati.

A cikin waɗannan shekaru ne ya soma koyar da auren mata fiye da ɗaya a asirce ga makusantansa, aka rubuta wahayin a Yulin 1843. Mun san a wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne, amma dokar Illinois ta haramta shi, kuma yadda aka yi shi ne ya ta da ƙura. Ikkilisiyar da kanta ta amince a 2014 cewa Smith ya ɗaura aure da mata tsakanin 30 zuwa 40, wasunsu suna da mazajensu, ƙaramarsu tana da shekara 14, kuma matarsa ta fari, Emma, wataƙila ba ta san da dukansu ba a lokacin. A bainar jama'a kuwa shugabanni suna musun al'amarin. William Law, wanda ya taɓa zama mataimakin Smith, ya fita tare da wasu, suka kafa jarida mai suna Nauvoo Expositor. Fitowarta ta farko, kuma ta ƙarshe, ita ce ranar 7 ga Yuni 1844. Ta fallasa batun auren, ta kuma soki tattara ikon addini da na mulki a hannun mutum guda. Ranar 10 ga wata majalisar gari ta yanke cewa jaridar fitina ce, Smith a matsayinsa na magajin gari ya ba da umarni, aka fasa maɗaba'ar aka watsar da kayanta a titi.

Jama'a, shekara 11 ke nan tsakanin maɗaba'ar Jackson da maɗaba'ar Nauvoo. Waɗanda suka yi kuka a 1833 su ne suka ɗauki guduma a 1844, kuma wanda ya ba da umarnin shi ne marubucin wasiƙar kurkukun Liberty. Sanin haɗarin iko bai tsare shi daga faɗawa ciki ba, domin a Nauvoo babu wata kotu ko majalisa da za ta ce masa a'a.

Wannan ba ya wanke abin da ya biyo baya. Smith da wansa Hyrum suka miƙa kansu ga hukuma a Carthage bayan gwamna Thomas Ford ya yi musu alkawarin tsaro. Gwamnan ya bar garin, ya bar su a hannun masu gadin da aka san suna ƙinsu. Ranar 27 ga Yuni 1844 wasu mutane da suka shafa wa fuskokinsu baƙi suka fasa kurkukun suka harbe su biyun. Smith yana da shekara 38. An gurfanar da mutum 5 a 1845, aka sallame su duka.

Smith bai bar bayyanannen tsari na gado ba, sai jama'a ta dare. A taron 8 ga Agusta 1844 mafi yawa suka bi Brigham Young, shugaban majalisar manzanni 12, suka juya wa Rigdon baya. Wasu suka bi James Strang, wasu kuma daga baya, a 1860, suka taru a ƙarƙashin ɗan Smith, kuma Emma tana tare da waɗannan. Young kafinta ne, ba mai zurfin karatu ba, amma gwanin tsara jama'a. A Fabrairun 1846 ya fara ƙetarar da mutanensa kogin Mississippi, ya kasa su rukuni rukuni na ɗari da hamsin da goma, kowane da shugabansa. Ranar 24 ga Yuli 1847 ya isa kwarin Salt Lake, tafiyar kimanin kilomita 2,000, a ƙasar da take hannun Meziko a lokacin, kafin ta koma ga Amurka a 1848. Suka haƙa magudanan ruwa suka noma busasshiyar ƙasa, suka kafa asusun rance a 1849 don kawo matalautan mabiya daga Turai. Wasu ma da ƙafa suka zo suna jan amalanke, kuma a 1856 fiye da mutum 200 daga ayari biyu suka mutu da sanyi da yunwa a hanya.

A 1850 aka naɗa Young gwamnan yankin Utah, sai ikon addini da na mulki suka sake haɗuwa a hannu ɗaya. A 1852 aka bayyana auren mata da yawa a fili. A 1857 shugaban ƙasa James Buchanan ya turo soja don sauke Young, tsoron Missouri ya dawo sabo a zukatan mutane, huɗubobi suka yi zafi. Cikin wannan hali ne wani ayarin matafiya daga Arkansas, masu nufin California, ya ratsa kudancin Utah. Dakarun Mormon na yankin, tare da wasu 'yan ƙabilar Paiute, suka kewaye su kwana biyar a Mountain Meadows. Ranar 11 ga Satumba 1857 aka fito da su da farar tuta bisa alkawarin aminci, kana aka kashe kimanin mutum 120, maza da mata da yara, aka bar ƙananan yara 17. Shugabannin yankin ne suka ba da umarni. Wasiƙar Young ta cewa a bar matafiyan su wuce ta iso bayan an gama, kuma masana tarihi sun saɓa a kan girman alhakinsa. Mutum ɗaya kaɗai, John D. Lee, aka hukunta, aka harbe shi a 1877. Abin da ya fi damun mu shi ne, waɗanda suka harba bindigogin nan manoma ne masu iyali, masu ibada, wasunsu sun tsira daga Missouri, amma ranar nan ba a sami wani Doniphan a cikinsu da ya tsaya ya hana ba.

Akwai koyarwa guda ta Young da ta taɓa mu kai tsaye. A zamanin Smith an naɗa wasu baƙaƙen fata a muƙamin firist, kamar Elijah Abel a 1836. A 1852 Young ya sanar cewa baƙar fata ɗan asalin Afirka ba zai riƙe wannan muƙami ba, aka kuma hana su manyan ibadun haikali. Hanin ya zauna shekara 126, sai a Yunin 1978 shugaba Spencer W. Kimball ya ɗage shi. Kafin nan wasu mutane a kudu maso gabashin Nijeriya da kuma Ghana sun riga sun kafa ƙungiyoyi da sunan ikkilisiyar, suna ta aika wasiƙu Utah suna jira. A Nuwamban 1978 masu wa'azi suka iso Nijeriya, aka buɗe haikali a Accra a 2004, wani kuma a Aba a 2005. A 2013 ikkilisiyar ta fito ta nisanta kanta daga hujjojin da aka riƙa kafawa a kan hanin. Auren mata da yawa ma an dakatar da shi a 1890 bayan gwamnati ta matsa da ɗauri da ƙwace dukiya, kuma Utah ta zama jiha a 1896.

'Yan'uwa, waiwaye adon tafiya. Abin da muka gani shi ne, hukumar da ta ƙi tsare 'yan tsiraru tana tura su neman bindiga da kotu da gwamnati tasu. Boggs da Van Buren da Ford suna da rabo a cikin abin da Nauvoo da Utah suka zama. Mun kuma ga cewa shan zalunci ba ya zama rigakafin aikata shi, hasali ma tsoron da ya bari a zuci yakan zama hujjar da ake kafawa ranar da aka sami dama. Jama'ar da ta fi kowa sanin zafin kora tana bukatar kotu mai zaman kanta da jarida mai 'yanci kamar kowa, ko ma fiye.

Wata rana za a ajiye wa ɗayanmu takarda a kan tebur, daga shugaban da muke girmamawa, a kan mutanen da ba ma ƙauna, a ce mu sa hannu. Ranar nan muna fata mu tuna da hafsan Far West wanda ya karanta umarni ya mayar da shi. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.